Yadda Za Ka Ziyarci Tsoffin Ɗakunan Bautar Mahabalipuram Daga Chennai Cikin Yini Guda

Tun da na dawo daga jinyar yayana a Chennai, birnin da ke kudancin Indiya, na nuna hotunan wasu gine-ginen dutse a bakin teku, tambaya ta ƙi yankewa. Ina ne nan? Nawa ake biya? Ana barin wanda ba Hindu ba ya shiga? Za a iya zuwa da marar lafiya? Yawancin masu tambayar mutanenmu ne da jinya ko karatu ya zaunar a Chennai, zaman ɗaki ya ishe su, suna neman inda za su je su sha iska su dawo a ranar.

Sunan wurin Mahabalipuram, mutanen jihar Tamil Nadu kuma suna ce masa Mamallapuram, duk wanda ka faɗa direba zai gane. Ƙaramin gari ne a bakin tekun Bengal, kusan kilomita 60 kudu da Chennai. Sarakunan Pallava ne suka sa aka sassaƙa duwatsunsa a ƙarni na 7 da na 8, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Sau biyu na je. Zuwan farko ranar Lahadi ne, muka isa rana ta take, na dawo ba abin da na tsira da shi sai ciwon kai. A zuwa na biyu ne na ga wurin sosai, kuma tsarin da na bi ranar shi zan shimfiɗa maka.

1. Zaɓi wata, rana da sa'a

Janairu da Fabrairu sun fi kowane lokaci daɗi. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan doshi digiri 40, kuma zafi ne mai gumi, wanda ko a inuwa kake sai rigarka ta jiƙe. Damina a wannan gaɓar tekun ta saɓa wa ta sauran Indiya: ruwa mai ƙarfi yana sauka ne daga Oktoba zuwa Disamba, wani lokaci da guguwa. In a wannan tsakanin za ka je, duba hasashen yanayi tun daren.

Ranar kuma ka zaɓi Talata, Laraba ko Alhamis. Asabar da Lahadi mutanen Chennai kansu suke kwararowa da iyalansu.

Gargaɗi: a tsakiyar Janairu ake bikin Pongal, bikin girbi na Tamilawa, kuma a ranarsa ta ƙarshe al'adarsu ce a fita yawon buɗe ido. Wannan makon ko masaka tsinke babu. Ka jira ya wuce.

Ana buɗe ƙofa ƙarfe 6 na safe, a rufe 6 na yamma. Ka yi sallar Asuba ka shiga mota. Da sanyin safiya ake kama fara: wanda ya isa ƙarfe 7 zai gama wuraren da ba su da inuwa kafin manyan motocin 'yan makaranta su fara sauke mutane wajen ƙarfe 10.

2. Haɗa jakarka tun dare

Fasfo ɗinka, ko aƙalla kwafin shafin hoto da na biza, tare da hotonsu a waya. In kana da niyyar kwana, ainihin fasfon za ka ɗauka, domin duk masauki sai ya cike takardar baƙi da shi.

Kuɗin hannu, kuma ƙanana. A Indiya kusan kowa da waya yake biya, har mai sayar da kwakwa, amma tsarin galibi yana bukatar asusun bankin ƙasar, wanda yawancinmu ba mu da shi. Ka canzo 'yan rupi 100, 50 da 20 masu yawa. Ka miƙa wa mai keke 500 ka ji ya ce ba canji, shi ke nan ka yi kyautar dole.

Ruwa lita 2 ga kowane mutum, malafa ko laima, da dardumar sallah mai naɗewa. Takalmi ka sa mai sauƙin cirewa amma wanda ƙasansa ke kama dutse. Ni silifas na sa a zuwan farko, ya zame da ni a kan fa. Ka ƙara da safa guda a aljihu, domin inda za a ce ka cire takalmi, dutsen yana iya gasa tafin ƙafa tun kafin azahar.

Tufafi ba matsala gare mu. Kaftani da hula ko abaya da hijabi duk ba mai hana ka, sai dai kallo. Babbar riga ce kawai ba zan ba da shawara ba, saboda hawan dutse da iskar teku.

In da marar lafiya za a je, a fara tambayar likitansa. Wanda aka yi wa aiki kwanan nan ko yake fama da numfashi zai iya mataki na 5 da farkon na 7 cikin sauƙi, don ƙasa ce a baje. Hawan dutsen a bar wa masu ƙarfi.

3. Shirya mota

Hanyar da za ka bi ita ce ta bakin teku, kowa ECR yake ce mata. Da asuba tafiyar awa ɗaya da rabi ce daga tsakiyar Chennai, da rana takan kai biyu ko fi.

Shatar tasi ta yini ita ta fi dacewa da wanda ke da iyali ko marar lafiya. Ka sa ran wajen rupi 3,000 zuwa 4,000 zuwa da dawowa a ƙaramar mota, farashin kuma yana motsi. Abin da ke kawo rigima shi ne abin da ba a faɗa ba tun farko. Kafin ka shiga ku daidaita abu huɗu: awa nawa kuɗin ya ƙunsa, kilomita nawa, wa zai biya kuɗin ƙofar hanya da na ajiye mota, sannan akwai kuɗin abincin direba ko babu. Zuwa da dawowa ya kai kilomita 120, saboda haka in an ce maka shatar awa 8 da kilomita 80 ce, ka san da ƙarin kuɗi yana jiranka a ƙarshe. Ka sa ya rubuta maka jimillar a saƙon waya.

Gargaɗi: kada ka kira tasin manhaja ta kai ka kawai da tunanin za ka kira wata a can. Samun ta dawowa da yamma yana wahala, waɗanda ke tsaye a bakin titi kuma sun san ka maƙale.

In kai kaɗai ne kuma kana lallaɓa aljihu, bas mai lamba 588 yana tashi daga unguwar Adyar har cikin garin, kuɗinsa bai kai rupi 100 ba. Motocin zuwa Puducherry, wani birni da ke gaba ta kudu, masu bin ECR ma suna wucewa, sai dai a bakin babbar hanya suke sauke mutum, ka ƙarasa da keke. A bas ɗin gari akwai kujerun da aka ware wa mata, ka lura kafin ka zauna.

A cikin garin, a daidaita sahu ne abin hawa, irin namu sak, don daga can ake kawo mana su. Oto suke ce masa. Ciniki kafin a hau. Kalmomi huɗu na Tamilanci za su yi maka aiki yini guda: wanakkam gaisuwa ce, ewwalawu na nufin nawa ne, wendam na nufin ba na so, nandiri kuma na gode.

4. Sayi tikiti

Hukumar adana kayan tarihi ta Indiya, ASI, ita ke riƙe da wuraren. Tikiti ɗaya ne yake shigar da kai duk inda take tsaro a garin, amma na ranar kaɗai. Lokacin da na je baƙo rupi 600 yake biya, ɗan ƙasa 40, yaron da bai kai shekara 15 ba kyauta. Ana saye a tagar da ke ƙofar Shore Temple, ɗakin bautar bakin teku, ko ta Five Rathas, ɗakunan dutse biyar na kudancin garin. Akwai kuma saye ta intanet da ɗan rangwame, sai dai katin bankin waje yakan ƙi wucewa, shi ya sa na ce ka riƙe tsabar kuɗi.

Gargaɗi biyu a nan. Kada ka yar da tikitin bayan ƙofar farko, za a sake nemansa a kowace ƙofa. Sannan kada wani abokinka ɗan ƙasar ya ce zai sayo maka na rupi 40 don ya sauƙaƙa maka. Zamanka ɗalibi ko mai jinya bai mai da kai ɗan ƙasa ba, mai tsaron ƙofa kuwa yana kallon fuskarka zai mai da kai layi, ga kunya ga biya biyu.

Masu jagora za su tare ka tun a wurin ajiye mota. In kana so, nemi ganin katin shaidarsa, ku yanke kuɗi da yawan wuraren da zai kai ka, biya kuma sai an gama. Ni a ganina wanda ya karanta wannan zai iya zagawa da kansa, amma a gaban babban bangon nan na mataki na 7 mai jagora nagari yana da rana.

5. Fara da Shore Temple

Wannan shi ne ginin da ke cikin yawancin hotuna, hasumiya biyu masu tsini a bakin ruwa. An gina shi a zamanin sarki Rajasimha, a farkon ƙarni na 8, kuma ya bambanta da yawancin sauran domin shi da yankakkun duwatsu aka ɗora shi, su kuwa fafe su aka yi daga dutsen da ke wurin. Ɗakuna uku ne a haɗe, na abubuwan bautar Hindu: biyu na Shiva, ɗaya yana kallon gabas ɗaya yamma, sai ƙarami a tsakaninsu mai siffar Vishnu a kishingiɗe.

Daga ƙofa akwai 'yar tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Kada ka nufi ginin kai tsaye. Fara zagaya shi ta waje, ka bi jerin bijiman dutse da aka girke a kan katanga. Matsa kusa da ɗaya ka duba fuskarsa. Shekara 1,300 iskar gishiri tana lasarsa, kunnuwa sun tafi, ido ya shafe, ya koma kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Na gefen da ke samun kariya daga iska sun fi fitowa. Tarin manyan duwatsun da za ka gani tsakanin ginin da ruwa, na zamani ne, an zuba su don tare igiya, kuma sun taimaka wa ginin ranar 26 ga Disamba 2004 da ambaliyar tsunami ta afka wa wannan gaɓar. Tsoffin matuƙan jiragen ruwa na Turai suna kiran garin da sunan hasumiyoyi bakwai, masunta kuma har gobe suna cewa sauran suna ƙarƙashin teku.

Minti 40 ya isa. Ba a gudanar da bautar yau da kullum a nan, kayan tarihi ne a hannun gwamnati, don haka ba wanda zai tambaye ka addininka.

Gargaɗi: bakin tekun da ke gefen yana da jan hankali, yara za su so shiga. Kada a shiga. Ruwan yana da ja ta ƙasa, kuma yana cin mutane, har waɗanda suka iya iyo. A tsaya inda kumfa ke taɓa ƙafa.

6. Wuce Five Rathas kafin rana ta ɗaga

Suna kudancin garin, kimanin kilomita ɗaya da rabi. Hau mota ko keke. Filin yashi ne fetal ba bishiya, shi ya sa na sa shi na biyu.

Ratha na nufin karusa, sunayen da aka laƙaba musu kuma na wasu 'yan'uwa biyar ne da matarsu a tsohon labarin Hindu, daga baya aka sa, ba ruwan masu sassaƙar da su. Abin da ya kamata ka riƙe a ranka kana kallo shi ne, ba a kawo ko tubali ɗaya nan ba. Dutse ne a kwance, aka fara sara daga sama ana sauka, har ɗaki ya fito da rufinsa da ginshiƙansa. Huɗu a jere suke, suna ƙara tsayi kana yin kudu, kamar yadda dutsen asali yake. Kuskure ɗaya da kurfi, ba gyara.

Bi su daga ƙofa. Na farko, Draupadi, ƙarami ne mai rufi kamar na ɗakin ciyawa. Na biyu Arjuna, a bayansa akwai bijimi a kwance. Na uku Bhima, dogo mai rufi kamar kifaffen kwalekwale. Na ƙarshe, Dharmaraja, shi ne mafi tsayi, hawa uku. Na biyar yana gefe shi kaɗai, bayansa a kewaye, a kusa da shi kuma giwa ce tsaye girmanta kamar mai rai, ita ma daga dutse guda.

Wurin da na fi daɗewa shi ne gindin Bhima da Dharmaraja. Sama an gama ado tsaf, ƙasa kuwa ɗanyen dutse ne da sawun kurfi layi-layi, kamar masu aikin sun tafi cin abinci za su dawo. Ba a taɓa kammala su ba, saboda haka ba a taɓa keɓe su don bauta ba. Duk mai sana'ar hannu, magini ko kafinta ko maƙeri, a nan zai fi jin daɗi, don yana ganin matakan aikin a fili.

Gargaɗi: za ka ga wasu suna ɗora yara a kan zaki ko giwa don hoto. Kada ka bi sahu. Dokar kare kayan tarihi ta Indiya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko tarar rupi 100,000 ga wanda ya lalata ko ya yi rubutu a jikinsu, baƙo kuma shi ne mai saurin shiga ido. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ma sai da izini, ka bar shi a masauki.

7. Dutsen tsakiyar gari

Nan za ka kashe mafi yawan lokacinka, awa biyu ko fi, kuma nan ne mutane ke yin kuskuren gaggawa don sun riga sun gaji. Ka zauna ka sha ruwan ɗanyar kwakwa tukuna, wajen rupi 50 ce.

Fara da babban bangon da ake kira Arjuna's Penance, wanda ake gani tun daga bakin titi. Fuskar dutse ce mai faɗin kusan mita 30 da tsayin kusan 13, an cika ta da siffofi fiye da 100. Gabas take kallo, don haka kafin azahar haske yake fito da ita, da yamma sai ta dushe. Idan ka tsaya kana kallonta gaba ɗaya idonka zai rikice. Bi ta haka. Nemi tsagar da ke tsakiya daga sama har ƙasa, ita ce kogin Ganga, kuma a da daga saman dutsen ake sako ruwa ya bi ta cikinta. Hagu da tsagar, can sama, ga wani mutum a tsaye da ƙafa ɗaya, hannuwa a sama, haƙarƙarinsa duk a waje don azumi. Masana sun rabu a kansa, wasu sun ce Arjuna ne, wasu sun ce Bhagiratha ne mai roƙon a saukar da kogin. Dama da tsagar ga manyan giwaye, 'ya'yansu suna fakewa tsakanin ƙafafunsu.

Yanzu sauke idonka gaban hauren babbar giwar. Akwai kyanwa a tsaye da ƙafafun baya, ta ɗaga hannuwa sama tana kwaikwayon mai ibadar can, ɓeraye sun kewaye ta sun saki jiki. Ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, sai dai cikinta a cike yake. Mutum goma za su wuce, tara ba su gan ta ba. Yayana da ya yi makonni bai yi dariya ba, da na nuna masa hotonta sai da ya riƙe wurin ɗinkinsa. A gefen dama na bangon kuma akwai iyalin birai na dutse, ɗaya yana duba wa ɗaya ƙwarƙwata, uwar tana shayar da ɗa.

Daga nan yi hagu 'yan taku zuwa Krishna Mandapa, rumfa mai ginshiƙai da inuwa mai sanyi. Labarin bangon na Krishna ne, wani abin bautarsu, da ya ɗaga dutse don makiyaya su fake daga ruwan sama, amma abin da zai tsai da kai shi ne rugar da aka zana: mutum a tsugune yana tatsa, saniyar ta juyo tana lasar ɗan maraƙinta, mace ɗauke da tukwanen nono, wani yana busa sarewa. Wanda ya taɓa kwana a ruga ba ya bukatar mai fassara.

Sai ka shiga ƙofar filin dutsen, a nan za a sake duba tikiti. Abu na farko shi ne ƙaton dutsen nan mai kama da curin man shanu, Krishna's Butterball, tsayinsa wajen mita 6, nauyinsa an ƙiyasta tan 250, yana zaune a kan gangare kamar yanzu zai mirgino. Masu jagora za su ba ka labarin wani gwamnan Turawa da ya sa giwaye bakwai su ja shi ya ƙi motsi. Ka ji, ka yi murmushi. Gangaren yana da santsi saboda yara sun mai da shi wurin sulu, ka taka a hankali.

Kusa da shi akwai Ganesha Ratha. Wannan kam mutane suna bauta a cikinsa, za ka ga fure da fitila. Kalle shi daga waje, in kuma za ka hau dandamalinsa cire takalmi. Gaba kaɗan sai kogon Varaha, mai ginshiƙai da zakuna ke zaune a gindinsu. Kana tafiya ka riƙa duba duwatsun gefen hanya, za ka ga jerin ƙananan ramuka a miƙe kamar an ja zare. Nan ake cusa turaku a tsaga dutsen.

Ƙarshen hawan shi ne kogon Mahishasuramardini, kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Bango ɗaya yaƙi ne, Durga, wata abar bautarsu, a kan zaki tana fatattakar wani dodo mai kan ɓauna wanda ya fara ja da baya. Bangon da ke fuskantarsa kuma barci ne, Vishnu a miƙe a kan maciji. Masana da yawa suna sa waɗannan biyun cikin mafi kyawun aikin Pallava. A saman kogon akwai wani ƙaramin ɗakin bauta, daga nan ana hango garin da teku. Hasumiyar fitilar tikitinta daban ne da lokutanta daban, matakalarta kuma ƙunci gare ta. In ƙafa ta gaji, ba ka yi asarar komai ba.

Gargaɗi: birai na gaske sun fi yawa a wannan ɓangaren. Leda a hannu gayyata ce. Sa abinci da ruwa cikin jaka ka zuge, in kuma biri ya kama abu, sakar masa. Cizo ko yaƙushinsa na nufin allurai, kai kuwa asibiti ya riga ya ishe ka.

8. San bambancin kayan tarihi da wurin da ake bauta yanzu

A tsakiyar gari, kusa da tashar bas, akwai ɗakin bautar Sthalasayana Perumal. Wannan ba ya cikin tikitinka, kuma raye yake: limamansu, ƙararrawa, masu ibada safe da yamma. Dokarsa daban. Ana cire takalmi tun daga ƙofar waje, ba a ɗaukar hoton ciki, sannan a Janairun 2024 babbar kotun Madras ta ba da umarnin a kafa alluna a ɗakunan bautar jihar cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tuta da ke farfajiya. Shawarata ka kalli hasumiyar ƙofarsa daga titi ka wuce. Yadda ba za ka so baƙo ya ratsa sahu da kyamara ba, su ma haka.

In wani ya miƙo maka toka ko jan gari na shafawa a goshi, ko ɗan abincin da aka kai wa abin bautarsu, ba sai ka karɓa ba, ba kuma sai ka ɓata rai ba. Dafa ƙirji, ka ce wendam, nandiri. Sun saba da Musulmi, maƙwabtansu ne.

Za a kuma nemi ɗaukar hoto da kai, musamman 'yan makaranta, don baƙar fata baƙon ido ne a wurin da yawansu. In ka yarda da ɗaya, ajin gaba ɗaya zai taso. Ga matanmu, kalmar wendam ta wadatar.

9. Sallah da abinci

Alƙibla ita ce abin da ke rikita mutanenmu. Mun saba da gabas, a nan kuwa yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa. Ka ba teku baya, ka ɗan juya dama. Kada ka shimfiɗa darduma a cikin harabar kayan tarihin, masu tsaro za su hana. Tambayi direba ya kai ka masallaci, ko ka nemi wuri a gidan abincin da ka ci. A hanyar dawowa ma garin Kovalam yana da Musulmi da yawa da masallatai.

Abinci mafi kwanciyar hankali shi ne gidan da aka rubuta Pure Veg a allonsa, ba nama ko kaɗan a tukunyarsu. Da safe akwai idli, mai kama da wainar shinkafa da aka turara ba mai, da dosa mai kama da sinasir amma siriri. Da rana ka ce meals, za a zubo maka shinkafa da miya kala-kala, sau da yawa a kan ganyen ayaba, da hannun dama ake ci kamar a gida. Mai son kifi ya nufi titin Othavadai da ke gangarawa bakin ruwa. A sa a auna kifin a faɗi kuɗinsa kafin ya shiga mai, in ba haka ba takardar kuɗin za ta ba ka mamaki. Ruwan roba kuma farashinsa a buge yake a jikinsa, wajen rupi 20 lita, duba murfin ka tabbatar ba a taɓa buɗe shi ba.

10. Tsaraba

Sana'ar sassaƙa ba ta mutu a garin ba. A hanyar Five Rathas za ka ji ƙarar kurfi da injin yanka daga rumfuna, tsayawa kallo kyauta ne. Yawancin kayan gumaka ne, amma akwai turmin daka yaji na dutse, faranti, mazubin turaren wuta da fitilu masu huda-huda. Farashin farko da za a faɗa maka na baƙo ne, fara tayi daga rabi. Abin da farce ke iya karcewa dutse ne mai laushi, kada a sayar maka da shi a kuɗin mai tauri. Ka tuna da kilo ɗin jirgi, turmi ɗaya zai iya cinye rabon magungunan da za ka koma da su.

Gargaɗi: duk wanda ya ja ka gefe ya ce yana da tsohon kaya na asali, rabu da shi. Dokar 1972 ta hana fitar da kayan tarihin da suka haura shekara 100 daga Indiya. In ƙarya yake ya cuce ka, in gaskiya ne kuma a filin jirgi za a tsare ka. Ko sabo ka saya, karɓi rasit.

11. Komawa

Ka kama hanya kafin ƙarfe 3, don daga 5 mashigar Chennai takan cushe. In da sauran ƙarfi, kilomita 5 arewa da garin, a kan hanyarka, akwai Tiger Cave: dandamali ne da aka fafe a dutse, kawunan wasu namun daji masu kama da zaki sun kewaye bakinsa, ga bishiyoyi da inuwa, mutane kuma ba su cika yawa ba. Minti 20 ya isa. Masu yara za su iya tsayawa a gidan kadoji na Madras Crocodile Bank da ke gaba a kan ECR ɗin, amma ba ya buɗewa ranar Litinin, kuma kowace tsayawa tana cin awannin shatar da kuka yi da direba, sai ka duba agogo kafin ka ce masa ya tsaya.